Akwatinmu mun ci, a Abuja an ce mun faɗi: yadda karkarar Kano da Jigawa ta karɓi sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 2023

Da asubahin Laraba, 1 ga Maris 2023, shugaban hukumar zaɓe ta INEC na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya bayyana Bola Ahmed Tinubu na APC a matsayin wanda ya ci zaɓen shugaban ƙasa da aka yi ranar Asabar, 25 ga Fabrairu. Yawancin mutanen karkara a rediyo suka ji, bayan an idar da sallar asuba. Kafin hantsi ya dubi ludayi magana ta rarrabu a teburin mai shayi da gindin bishiya. A ƙauyukan Kano da dama abin da ake maimaitawa shi ne: mu da idonmu muka ga an ƙirga, jar hula ce ta cinye akwatinmu da na maƙwabtanmu, to ta ina wani ya ci? A Jigawa tambayar ta sha bamban, domin a can tsintsiya da lema sun yi kankankan, kowane ɓangare yana da akwatunan da zai nuna.

Har yau ba a daina wannan gardama ba, ko da yake ta canza kama sau da yawa. Wani ɓangarenta ya samo asali daga rashin sanin yadda ake lissafin zaɓen shugaban ƙasa, wani ɓangaren kuma ƙorafi ne mai tushe wanda ita kanta hukumar zaɓe ta amsa wani abu daga cikinsa. Cakuɗa biyun ne ya sa zancen ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Alƙaluman da ake ja-in-ja a kansu

A faɗin ƙasa Tinubu ya samu ƙuri'u 8,794,726. Atiku Abubakar na PDP ya samu 6,984,520, Peter Obi na jam'iyyar Leba 6,101,533, Rabiu Musa Kwankwaso na NNPP 1,496,687. Wato wanda ya ci bai kai kashi 37 cikin 100 na ƙuri'un ba, sauran ukun kuwa idan aka haɗa nasu sun haura miliyan 14 da rabi. Tun dawowar mulkin farar hula a 1999 ba a taɓa samun shugaban da ya hau da kaso kaɗan kamar wannan ba. Shi ya sa a garuruwa da yawa waɗanda ba su zaɓi wanda ya ci ba suka fi waɗanda suka zaɓe shi yawa, kuma suka ji a ransu cewa ba ra'ayin jama'a aka sanar ba.

A Kano Kwankwaso ya tashi da 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716, Obi 28,513. A lura da wani abu a nan: kashi biyu cikin uku na dukkan ƙuri'un Kwankwaso a Najeriya daga Kano kaɗai suka fito, kuma ita ce jiha ɗaya tilo da ya ci. Mutumin Madobi ko Bunkure da ya ga layin kayan marmari, alamar NNPP a lokacin, ya fi kowane layi tsawo bai yi ƙarya ba. Amma abin da ya gani hoton Kano ne, sauran jihohi 35 da Abuja kowacce da nata hoton.

A Jigawa Tinubu ya samu 421,390, Atiku 386,587, Kwankwaso 98,234. Tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai dubu 35 ba, a jiha mai ƙananan hukumomi 27. Gwamna mai ci a lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, yana cikin gwamnonin Arewa na APC da suka tsaya kai da fata a kan mulki ya koma Kudu, yayin da tsohon gwamna Sule Lamido ke riƙe da PDP.

Akwai wata magana da ta yi yawo sosai a majalisun 'yan PDP, cewa da Kwankwaso ya janye wa Atiku da labari ya sha bamban. Lissafi bai goyi bayanta kai tsaye ba. Idan aka ɗora ƙuri'un Kwankwaso gaba ɗaya a kan na Atiku za su tashi 8,481,207, har yanzu Tinubu yana gaba da fiye da dubu 300. Giɓin da ya fi cutar da PDP shi ne na Obi, wanda ya yi wa Atiku mataimaki a 2019 kuma ya tafi da jihohin da jam'iyyar ta saba ci a Kudu, sai kuma gwamnoninta biyar da suka juya wa ɗan takararta baya. Mai wannan magana zai iya cewa haɗin kai yana jawo ƙuri'un da ba sa fitowa idan an rabu, kuma wannan hujja ce da za a saurara, sai dai ba abu ne da za a iya ƙirgawa ba.

Rubu'in ƙuri'a, ƙa'idar da aka fara gwadawa a kan Kano

Kujerar kansila ko ɗan majalisa, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci. Ta shugaban ƙasa tana da sharaɗi biyu a sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999: ka fi kowa yawan ƙuri'a, sannan ka samu aƙalla rubu'i, wato kashi 25 cikin 100, a kashi biyu cikin uku na jihohi da birnin tarayya Abuja. Da jihohi 36, ana nufin 24 ke nan. Manufar ita ce kada wani yanki ɗaya, komai yawansa, ya naɗa wa ƙasa shugaba shi kaɗai.

Wannan ya sa ƙuri'ar wanda ya faɗi a jiha ba ta faɗi ƙasa banza ba. Tinubu bai ci Kano ba, amma abin da ya samu ya kai kusan kashi 30 cikin 100, ya tsallake rubu'in, kuma ƙuri'unsa na Kano sun fi na Jigawa da ya ci yawa. Ɗan APC na Bichi ko Dawakin Tofa wanda aka yi wa ihu a akwatinsa ya ƙara wa ɗan takararsa abu biyu a lokaci guda: adadi da kuma jiha.

Dattawan da suka ga Jamhuriya ta Biyu sun san wannan rigima tun ba yau ba, domin a kan tsohuwar jihar Kano, wadda Jigawa ke cikinta har 1991, aka fara ta. A 1979 jihohi 19 ne. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya samu rubu'i a jihohi 12, a Kano kuwa, inda Malam Aminu Kano na PRP ya yi rinjaye, ya tsaya a ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin 100. Kashi biyu cikin uku na 19 sha biyu ne da ɗoriya. Cif Obafemi Awolowo ya ce tunda ba a gutsure jiha, 13 ake nufi, don haka sai an sake zagaye. Lauyan NPN Richard Akinjide ya ce a ɗauki kashi biyu cikin uku na ƙuri'un Kano a nemi rubu'insu, kuma Shagari ya cika wannan. Kotun Ƙoli ta yarda da lissafin na biyu, aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba.

A 2023 Abuja ce ta maye gurbin Kano. Tinubu ya wuce jihohi 24 da ake buƙata, amma bai samu rubu'i a Abuja ba, inda Obi ya yi rinjaye. Masu ƙara suka ce lafazin kundin ya sa Abuja sharaɗi ce mai zaman kanta. Kotu ta ce a ɗauke ta kamar jiha ta 37, ƙuri'ar mazaunin Abuja ba ta fi ta manomin Gwaram daraja ba.

Daga rumfar zaɓe zuwa Abuja

Nan ne ƙorafin ya fi nauyi, saboda haka ya kamata a bi hanyar daki-daki.

A rumfar zaɓe ana tantance mutum da na'urar BVAS, wadda ke duba yatsa ko fuska ta kuma riƙe adadin waɗanda aka tantance. Bayan an gama dangwalawa a zazzage akwati a ƙirga a bainar jama'a, malamin zaɓe ya rubuta sakamako a takarda mai suna EC8A, ya sa hannu da hatimi, ejan-ejan na jam'iyyu su sa hannu a ba kowa kwafinsa, a ba ɗan sanda, a liƙa wata a bango. Idan ƙuri'un da aka jefa suka fi adadin da na'ura ta tantance, aringizo ke nan, a soke akwatin. Daga nan takarda ta tafi cibiyar mazaɓa, Kano tana da mazaɓu 484, Jigawa 287, sai ƙaramar hukuma, sai hedikwatar jiha, sai Abuja. A kowane mataki ana kwafe lambobi daga takarda zuwa wata takarda, sau da yawa cikin dare, kuma tun da daɗewa a wannan tsakanin ne mutane ke zargin ana sauya alƙalami. Kiran nan na a kasa, a tsare, a raka, wanda ya shahara a zamanin takarar Buhari, daga wannan tsoro ya fito.

Maganin da INEC ta kawo shi ne shafin intanet na IReV. Malamin zaɓe zai ɗauki hoton EC8A da na'urar ya tura nan take, ta yadda duk mai waya zai iya gwada abin da aka rubuta a firamaren ƙauyensu da abin da aka sanar a sama. Hukumar ta yi ta nanata wannan alƙawari kafin zaɓe. Ranar zaɓen sakamakon 'yan majalisar tarayya ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa ya ƙi shiga har dare, aka sanar da wanda ya ci alhali akwatuna da yawa ba su bayyana a shafin ba. INEC ta ce tangarɗar na'ura ce, ta ba da haƙuri. Wakilan PDP da na Leba suka fice daga zauren tattara sakamako a Abuja, NNPP ma ta yi watsi da sakamakon, tawagar sa ido ta Tarayyar Turai kuma ta ce abin ya rage wa jama'a amincewa da zaɓen.

Jinkirin hoto shi kaɗai bai tabbatar da cewa an sauya lamba ba. Haka nan kuma ba ƙaramin abu ba ne, tunda shi ne shaidar da aka ce wa talaka ya dogara da ita. Wanda ya ce an yi maguɗi saboda IReV ya faɗi fiye da abin da hujjar ta nuna, wanda ya ce ba komai ba ne ya raina alƙawarin da aka saɓa.

Ra'ayi huɗu a gari ɗaya

Magoya bayan APC hujjarsu ita ce, da maguɗi aka tsara da ba a bar Tinubu ya faɗi a Legas ba, da Katsina jihar Buhari ba ta tafi ga Atiku ba, da kuma gwamnoni masu ci ba su rasa kujerun sanata ba. Suna ƙarawa da cewa jam'iyyarsu ta shiga zaɓen ne cikin fushin canjin kuɗi da ƙarancin mai, abubuwan da gwamnatinsu ce ta jawo.

'Yan Kwankwasiyya martaninsu ya zo da fuska biyu. Sun ƙi sakamakon ƙasa, amma sun yi murna da na gida, domin a rana ɗaya suka ci kujerun sanata biyu cikin uku na Kano da mafi yawan na majalisar wakilai. Ba su je kotu a kan kujerar shugaban ƙasa ba. Hankalinsu ya koma zaɓen gwamna, wanda aka ɗaga daga 11 zuwa 18 ga Maris.

'Yan PDP, musamman a Jigawa, su ne zafin ya fi kamawa, saboda sun ga nasara a kusa. Bayan mako uku kuma tazarar ta buɗe sosai a zaɓen gwamna, Umar Namadi na APC ya kayar da Mustapha Sule Lamido. Wannan ya nuna cewa mutane da yawa sun yi abin da ake kira shinkafa da wake, sun ba Atiku a sama sun ba APC a ƙasa, saɓanin sak ɗin da aka saba yi a 2015.

Rukuni na huɗu shi ne mafi girma, kuma shi ne ba a jin muryarsa a shirye-shiryen sojojin baka. Cikin mutum fiye da miliyan 93 da suka yi rajista, kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai suka fito. A Kano, mai rajista kusan miliyan 6, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 2 ba, alhali a 2015 Buhari shi kaɗai ya samu sama da miliyan 1.9 a jihar. Canjin kuɗi yana da hannu a ciki. A watan Fabrairun nan mutum zai kai akuya kasuwa a ce sai tiransifa, shi kuwa ko asusun banki ba shi da shi, 'yan ci-rani da dama kuma ba su samu kuɗin motar dawowa gida inda katinsu yake ba. Wasu kuma sun gaji ne kawai, bayan shekara takwas na wanda suka yi wa ruwan ƙuri'u. Cikin waɗanda suka fito ɗin ma, da waɗanda ba su fito ba, amsar da aka fi ji ita ce Allah ke ba da mulki ga wanda ya so. Ana iya jin wannan a matsayin tawakkali na gaskiya, ana kuma iya jin sa a matsayin sallamawar wanda ya daina tsammanin komai, kuma a bakin mutum ɗaya ma sukan haɗu.

Me ya sa ba a maimaita 2011 ba

A watan Afrilun 2011, da aka ce Goodluck Jonathan ya kayar da Buhari, rikici ya ɓarke a jihohin Arewa 12, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum fiye da 800 sun mutu. A 2023 an samu tashin hankali, mafi muni a Tudun Wada ta kudancin Kano inda aka rasa rayuka lokacin tattara sakamako, amma bai bazu ba.

Babban bambancin shi ne a 2011 yankin nan kusan mutum ɗaya ya bi, faɗuwarsa ta zama faɗuwar kowa. A 2023 ƙuri'a ta rabu uku, a gida ɗaya za ka samu wa da ƙane kowa da jam'iyyarsa, babu wanda zai tara gari a kan fushi ɗaya. Tikitin Tinubu da Kashim Shettima, Musulmi da Musulmi, wanda ya tayar da ƙura a wasu sassan ƙasar, a nan ya rage wa masu son shigo da addini makami. Ga kuma zaɓen gwamna a gaba, wanda kowane ɗan siyasa ya san hargitsi zai iya ɓata masa.

Abin da kotu ta yanke

Doka ta ba mai ƙara kwana 21 ya shigar da ƙara tare da bayanan shaidunsa, kotun farko kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60. Ranar 6 ga Satumba 2023 alƙalai biyar ƙarƙashin Mai shari'a Haruna Tsammani suka kori ƙararrakin Atiku da Obi da jam'iyyar APM, ranar 26 ga Oktoba Kotun Ƙoli ta tabbatar. Ta ce IReV allon kallo ne, dokar zaɓe ta 2022 ba ta mayar da shi wurin tattara sakamako ba. Takardun karatun Tinubu na jami'ar Chicago State da Atiku ya kawo daga Amurka kuwa, ta ce lokacin karɓar sabuwar hujja ya wuce.

Hukuncin bai ce ko'ina an yi daidai ba, cewa ya yi masu ƙara ba su tabbatar da zarginsu ba. A ƙa'idar kotunan zaɓe, wanda ya ce an sauya sakamako sai ya ambaci akwatin, ya kawo takardarsa, ya kawo wanda ya tsaya a wurin. Rumfunan zaɓe sun haura dubu 176, Atiku ya gabatar da shaidu 27, Obi 13. Masu goyon bayan hukuncin suna ganin wannan ya nuna babu hujjar. Masu suka suna ganin ya nuna an gina dokar yadda ba mai iya cika ta cikin mako uku, kuma suna tuna cewa ba a taɓa soke zaɓen shugaban ƙasa a kotun Najeriya ba, har da na 2007 wanda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da kansa ya amsa yana da naƙasu.

Gardama ta koma kasuwa

Kafin kotu ta gama, mutanen karkara sun riga sun sauya ma'auni. Ranar rantsuwa, 29 ga Mayu, Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daidai lokacin da ake neman kuɗin taki da na huɗa. A watan Yuni aka saki naira ta nemo farashinta a kasuwa. A ƙarshen Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, ECOWAS ƙarƙashin shugabancin Tinubu ta sa takunkumi, aka rufe iyaka har Maris 2024. Kasuwar Maigatari, wadda dabbobinta da yawa daga tsallake suke zuwa, ta ji a jikinta.

Gwamnati ta ce tallafin yana cinye tiriliyoyin naira, kasafin da Buhari ya bari bai tanadi kuɗinsa bayan watan Yuni ba, kuma Atiku da Obi su ma sun yi alƙawarin cire shi. Gaskiya ne, kuma kason jihohi da ƙananan hukumomi ya ƙaru daga baya. Masu suka sun ce an cire ba tare da shimfiɗa ba. Ga mai noman rani a Kura ko fadamun Haɗeja da Auyo, wanda injin ban ruwansa fetur yake sha, lissafin kaka ya rikice gaba ɗaya. Wanda ke da rarar hatsi a rumbu ya ci ribar tsadar 2024, mai awo da kwano kullum ya sha wuya. Da farashin hatsi ya sauko a 2025 taki bai sauko tare da shi ba, kukan ya koma bakin manomin.

A nan ne za ka ji ɗan adawa yana ce wa maƙwabcinsa ai ga abin da kuka zaɓo mana, shi kuma ya ce ko naku ne ya hau haka zai yi. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agusta 2024, wadda ta sa aka kafa dokar hana fita a Kano da Jigawa, ta haɗa waɗanda suka zaɓi tsintsiya da waɗanda ba su zaɓe ta ba.

Hatimi a bayan takarda

Shari'ar da ta fi koya wa mutanen Kano yadda ƙuri'a ke mutuwa ita ce ta gwamna. Abba Kabir Yusuf, ɗan takarar NNPP, ya samu 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC 890,705. A watan Satumba 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare ƙuri'u 165,663 daga na Abba saboda babu hatimi ko sa hannu ko kwanan wata a bayan takardun, ta ba Gawuna kujera. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi sahu a Nuwamba. Ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da ƙuri'un, Abba ya ci gaba da mulki.

Wata huɗu jihar tana zaman ɗar-ɗar a kan aikin daƙiƙa biyu da malamin zaɓe zai yi kafin ya miƙa takarda. Mai jefa ƙuri'a yana da damar juya takardarsa ya duba kafin ya shiga dangwalawa, kuma yana da damar tsayawa ya ga an ƙirga. Ejan kuwa, wanda a ƙauyuka da yawa akan ɗauko shi ne saboda biyayya ko don a ba shi na abinci, kwafin EC8A da ke aljihunsa ita ce takardar da kotu ta nemi masu ƙara su kawo akwati bayan akwati. Duk jam'iyyar da ta tura wanda bai iya karanta lamba ba, ko wanda ya tafi gida da magariba kafin a cike takarda, ta rasa shaidarta a wannan akwatin tun kafin a ɗora shi a babur zuwa mazaɓa.